Malaman Da Ba A Biya: Tarihin Karatun Manya A Gana Da Rabon Mutanen Zango

A cikin dokokin ƙasarmu Gana akwai wata tsohuwar doka da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1912, wadda har yau lauyoyi ke kafa hujja da ita a kotu. Ita ce dokar kare wanda bai iya karatu ba. Ta tanadi cewa duk wanda ya rubuta wa wani takarda, wasiƙa ce ko yarjejeniya, dole ne ya karanta masa ita, ya fahimtar da shi abin da ke ciki kafin ya dangwala yatsa, kuma marubucin ya sa sunansa a jiki. Doka ce mai kyakkyawar manufa. Amma duk wanda ya taɓa zama a zauren sarkin zango ranar da ake sasanta rikicin fili ko na gado ya san iyakarta. Mai dangwala yatsa ba shi da abin riƙewa sai amanar mai karanta masa. In ya faɗa hannun na gari ya tsira. In ya faɗa hannun mugu, sai bayan shekaru 'ya'yansa su wayi gari an sayar da ɗakin da suke kwana a ciki.

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mutum miliyan 7.9 a Gana, daga masu shekara 6 zuwa sama, ba su iya karatu da rubutu ba, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu mata ne. Ba sai an gaya mana cewa muna da kaso a wannan adadi ba. Mun san iyayenmu mata da ke miƙa wayarsu ga yaron shago ya duba musu saƙon kuɗi, har da lambar sirrinsu. Mun san dattijon da ke cewa ya manta tabarau duk ranar da aka miƙa masa takarda. Yaro yana da makaranta, yana da malamin da gwamnati ke biya. To babba fa, wa zai koya masa? An sha yin wannan tambaya a ƙasar nan, kuma sau biyu ƙasa ta tashi gaba ɗaya ta amsa ta. A duka biyun, mutanen da suka ɗauki nauyin aikin 'yan sa-kai ne, maƙwabta masu koya wa maƙwabta ba albashi. Tarihinsu ya cancanci mu san shi, domin a cikinsa za mu ga abin da ya yi aiki, da abin da ya lalace, da kuma inda aka tsallake mu.

MUN RIGA BOKO SANIN ALƘALAMI

Kafin mu shiga labarin, akwai gyaran da ya zama dole. Kalmar jahilci, a bakin ma'aikatan gwamnati, tana nufin rashin sanin baƙaƙen Turawa. Da wannan mudu aka auna kakanninmu, alhali su ne suka riƙe alƙalami a sassa da yawa na ƙasar nan tun kafin makarantar boko ta iso can. A tsakiyar ƙarni na 18 malaman Gwanja sun rubuta tarihin ƙasarsu da Larabci. Lokacin da Bature Bowdich ya isa Kumasi a 1817, da Dupuis da ya biyo shi a 1820, dukansu sun tarar da malamai Musulmi a kusa da fadar Asantehene, suna rubuta wasiƙu da layu.

Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Karaci bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a can a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami. Cikin ayyukansa na ƙuruciya har da littafi kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, wato abin da fatake ke buƙata a kan hanyar goro. Haka kuma tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da Rattray ya buga a Ingila a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta su da hannunsa cikin ajami, a nan ƙasar.

Waɗannan malamai ba su jira albashin kowa ba. Makarantar zaure da karatun dare na magidanta sun rayu ne da sadaka da girmamawa. Can ƙasar Sakkwato ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa dattijuwar mace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ta tura ta ƙauyuka ta koyar da matan aure addininsu ta hanyar waƙoƙi. Saboda haka koyar da babba don Allah ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya sauya shi ne rubutun da hukuma ke ganewa. Da mulkin Turawa ya kafu, rasit da sammaci da takardar fili duk suka koma baƙaƙen boko, sai masanin ajami ya wayi gari ana lissafa shi cikin masu dangwala yatsa.

DABARAR DA TA FITO DAGA BAKIN TAFKIN LANAO

Hanyar koyar da manya da aka yi amfani da ita a Gana ta samo asali ne daga wata ƙasa mai nisa, kuma a cikin Musulmi. Frank Laubach ɗan mishan ne daga Amurka, an haife shi a 1884. A ƙarshen 1929 ya sauka a garin Dansalan, wanda yau ake kira Marawi, a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin. Mutanen wurin, Maranao, Musulmi ne, kuma suna da nasu irin ajamin da suke rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci, sai dai masu iya shi ba su da yawa. Laubach ya lura cewa harshen nasu baƙaƙen boko 16 sun ishe shi, baƙi 12 da wasali 4. Sai aka nemo kalmomi uku da suka tattare baƙaƙen nan 12 duka: malabanga, sunan wani gari, karatasa, wato takarda, da paganada, wato koyo. Mai koyo zai faɗi kalmar da ya riga ya sani, a raba masa ita gaɓa-gaɓa, ma, la, ba, nga, sannan a sauya wasali, mi, mo, mu. Cikin 'yan kwanaki sai ya ga yana haɗa kalmomi da kansa.

Da farko Laubach yana biyan malamai. Amma karyewar tattalin arzikin duniya ta farkon shekarun 1930 ta datse kuɗin da ake aiko masa daga Amurka, ya tara shugabanni ya gaya musu aiki zai tsaya. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, sai wani basarake ya miƙe ya ce aikin ba zai tsaya don rashin kuɗi ba: duk wanda ya koya dole ya koya wa wani, wanda ya ƙi kuwa ya kuka da kansa. Daga nan aka sami taken da ya zagaye duniya, wato kowa ya koya wa ɗaya.

Ƙa'idojin da ya riƙa horar da 'yan sa-kai a kansu sun fi allon baƙaƙen muhimmanci. Malami ya zauna a gefen ɗalibi, kada ya tsaya a kansa. Kada ya yi masa tambayar da ya san ba zai iya amsawa ba. Kada ya tsawata, kada ya yi hamma, kada ya tsawaita darasi. Dalilinsa shi ne babba ya zo da tsoron jin kunya, kuma in ya ji ta sau ɗaya ba zai dawo ba. Laubach ya kai wannan hanya ƙasashe sama da 100 kafin rasuwarsa a 1970, kuma a ƙarshen shekarun 1940 ya zagaya Afirka ta Yamma.

SHEKARAR 1951

Ana cikin yaƙin duniya na biyu Ofishin Mulkin Mallaka a Landan ya fitar da rahoto kan ilimantar da jama'a baki ɗaya a Afirka. Gwajin farko a ƙasarmu, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, an yi shi ne a 1948 a yankin Togoland, inda wani Bature mai suna Alec Dickson ya jagoranci ayari mai yawo gari-gari. Sukan sauka a gari na 'yan kwanaki, su tara masu ɗan ilimin boko, malaman makaranta da akawuna da masu shaguna, su horar da su yadda za su koyar da karatu, da taimakon gaggawa, da waƙa da wasanni. Shi ne Dickson ɗin da ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO a Ingila a 1958. An kuma yi amfani da motocin majigi. Fim ɗin Amenu's Child na 1950, kan ciyar da yara, don wannan aiki aka shirya shi.

A Fabrairun 1951 Kwame Nkrumah ya fito daga kurkuku ya zama jagoran harkokin gwamnati, Kojo Botsio ya zama ministan ilimi da walwalar jama'a. A watan Agusta na wannan shekara majalisa ta amince da shirin koyar da jama'a karatu baki ɗaya, aka ɗora shi a kan sashen walwalar jama'a da raya karkara. Babban gangamin farko ya fara a 1952.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ma'aikatan gwamnati kaɗan ne, aikinsu su horar, su raba littattafai, su yi gwaji. Masu koyarwa kuwa mutanen gari ne da suka ba da yammacinsu kyauta. Ana taruwa bayan an dawo daga gona, a ajin makaranta, ko a coci, ko a gindin bishiya da fitilar ƙwai. Littattafan farko an gina su a kan hanyar Laubach, da hoto da kalma da gaɓa, cikin harsunan gida irin su Twi da Fante da Ewe da Ga. A ƙarshen zango ana ɗan gwaji, wanda ya ci a ba shi takardar shaida a bainar jama'a, gaban sarki da makaɗa, malaminsa kuma a maƙala masa lamba a ƙirji. Wannan lamba ita ce ladarsa duka, kuma mutane sun yi alfahari da ita.

Masu shirin sun san cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai manta. Don haka a 1951 aka kafa hukumar wallafa littattafai cikin harsunan gida, wadda daga baya ta zama Hukumar Harsunan Gana. Ta riƙa buga ƙananan jaridu masu araha, irin su Nkwantabisa cikin Akan, da Motabiala cikin Ewe, da Mansralo cikin Ga. Ajin karatu kuma bai tsaya a kan allo ba. Mutanen da suka saba haɗuwa da yamma su ne suka riƙa fitowa aikin gayya, suna haƙa rijiya, suna share hanyar mota, suna gina ajin yara. Har jami'ai daga wasu ƙasashen Afirka suka riƙa zuwa ganin yadda ake yi.

A daidai wannan lokaci 'yan'uwanmu na arewacin Najeriya suna nasu gangamin, wanda ya ba mu sunan da har yau muke kiran ajin manya da shi, wato Yaƙi da Jahilci. Cikin manyan jagororinsa akwai Malam Ahmadu Coomassie, wanda sunan gidansu yake ɗauke da tsohon rubutun Turawa na sunan Kumasi. Su ma sun gane buƙatar abin karantawa. A 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta buga littattafai masu yawa, larduna kuma suka sami jaridunsu, Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke fitowa tun 1939. Bambancin shi ne a can Hausa ce harshen aji. Wanda ya koyi baƙaƙe yau, gobe zai iya karanta labarin garinsu da harshen da yake mafarki da shi.

YADDA WUTAR TA MUTU

Gangamin Gana bai kai ƙarshen shekarun 1960 da ƙarfinsa ba, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, aikin sa-kai yana da wa'adi. Mutum zai ba da shekara ɗaya ko biyu don kishin gari, amma in ya ga shekaru suna tafiya, lamba ta yi tsatsa, jami'in da ke zuwa da mota yana karɓar albashi shi kuwa ko kananzir ɗin fitila daga aljihunsa yake fita, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Na biyu, da yawa cikin masu koyo sun gane cewa takardar shaidar Twi ko Ewe ba ta ba da aiki, domin ofis da kotu da banki duk Turanci suke ji. Na uku, siyasa ta shiga. Da aka fara ganin ajin dare kamar reshen jam'iyya mai mulki, juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966 ya tafi da shi tare da sauran abubuwan da ake dangantawa da Nkrumah. Ƙananan jaridun nan suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, dubban da suka karɓi takardar shaida suka koma dangwala yatsa.

Mu kuwa mutanen zango muna gefe tun farko. An tsara gangamin ne da ƙauye a zuciya, da sarkin gargajiya da coci da harshen ƙasa. Zango unguwar baƙi ce a idon hukuma, a cikin birni, harshenta Hausa, kuma iyayenmu suna da dalilinsu na tsoron duk karatun da ya fito daga hannun 'yan mishan. Sun ga yaran da suka shiga makaranta da suna Musa suka fito da suna Moses. Sai kuma ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia, ranar 18 ga Nuwamban 1969, wadda ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubban ɗaruruwa suka tafi, ciki har da waɗanda aka haifa a nan. Ranar nan mutanen zango suka ga abin da takarda ke iya yi wa wanda bai riƙe ta ba, bai kuma iya karanta ta ba.

ZAGAYE NA BIYU

An sake ɗaura ɗamara a 1987, lokacin da gwamnatin Rawlings ta kafa sashen ilimin manya a ma'aikatar ilimi, wanda aka fi sani da NFED. A wannan shekarar ce kuma aka kafa sashen ilimin Musulunci, wanda ya shigar da makarantun Islamiyya da yawa cikin tsarin gwamnati, yaranmu suka sami hanyar haɗa Larabci da boko a ƙarƙashin rufi ɗaya. Amfanin wannan ga yara ba ya misaltuwa, sai dai iyayensu ba su cikin lissafinsa.

Daga 1992, da tallafin Bankin Duniya, shirin manya ya bazu ko'ina a ƙasa. An sake komawa ga 'yan sa-kai. Gari ne ke zaɓen mai koyarwa, a ba shi horo na ɗan lokaci, ya riƙe aji na kimanin mutum 25 har kusan shekara biyu. Darussan sun shafi rayuwa: tsabtar ruwa, rigakafi, noma, tanadi, haƙƙin ɗan ƙasa. Mata ne suka fi cika azuzuwan. An yi ƙoƙarin gyara kuskuren baya ta hanyar yi wa mai koyarwa alkawarin kyauta in ya kammala, keke ko keken ɗinki ko kwanon rufi. Inda kyautar ta iso a kan lokaci an ga amfaninta. Inda ta yi jinkiri, kuma ta sha yi, sai alkawarin ya koma abin ƙorafi. A gefe guda cibiyar GILLBT mai hedikwata a Tamale ta daɗe tana horar da 'yan sa-kai su koyar da karatu cikin ƙananan harsunan arewa, abin da ya nuna cewa ƙanƙantar al'umma ba ta hana ta rubuta harshenta. A 2020 majalisa ta yi dokar da ta mai da NFED hukuma mai zaman kanta, wadda ake kira CEA.

Harsuna 15 aka yi wannan shiri da su, daga Twi da Ewe da Ga har zuwa Dagbani da Gwanja da Kusaal da Sisaali. Babu Hausa a ciki. Haka nan cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana ke wallafa littattafai da su, babu Hausa. Alhali gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa labarai da ita, 'yan siyasa kuma in zaɓe ya ƙarato da ita suke roƙonmu ƙuri'a daga Nima har Aboabo. Hujjar da ake bayarwa ita ce Hausa ba harshen asalin ƙasar nan ba ne. Ko ma mece ce hujjar, sakamakonta ɗaya ne: tsohuwar da ke Sabon Zango, wadda Hausa ce harshen cinikinta da addu'arta, in tana son ajin gwamnati sai ta koyi baƙaƙe cikin harshen da ba ta ƙware a kansa ba. Nauyi biyu ke nan aka ɗora mata a lokaci guda.

ABIN DA TARIHIN YA BAR MANA

Neman a sa Hausa cikin harsunan karatun manya haƙƙinmu ne, kuma ya kamata sarakunanmu da 'yan majalisarmu su riƙa faɗarsa a inda ake ji. An kafa asusun raya zango da doka a 2017, ba laifi ba ne mu tambayi nawa ne daga cikinsa ya shiga karatun iyayenmu. Amma dattijuwar da ta haura sittin ba ta da shekarun jiran kwamiti. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma duk abin da aka yi a 1952 da 1992 hannun maƙwabta ne ya yi shi.

Muna ma da abin da mutanen Togoland ba su da shi a 1948. Mafi yawan manyanmu sun bi ta makarantar allo. Wanda ya san ba da fataha ba ce, da kisira bi ce, da rufu'a bu ce, ya riga ya san sirrin gaɓa, wanda shi ne ginshiƙin hanyar Laubach. Abin da ya rage masa shi ne sabuwar siffa da sauya hannu daga dama zuwa hagu. Mai koyarwa mai hankali zai fara daga nan, ya rubuta baƙin Larabci ya ajiye na boko a gefensa, ya nuna wa dattijo cewa ƙari ya zo yi a kan ilimin da yake da shi. Kiran irin wannan mutum jahili zalunci ne, kuma shi ne abu na farko da ke korarsa daga aji.

Wasu za su ce a bar Hausa, a tafi kai tsaye ga Turanci, tunda shi ke kan takardar asibiti da saƙon banki. Maganarsu tana da tushe, kuma ita ce ta sanyaya gwiwar ɗaliban shekarun 1950. Amsar ita ce mutum sau ɗaya yake koyon karatu a rayuwarsa, kuma ya fi saurin koyonsa cikin harshen da ya sani. Rubutun Hausa yana bin lafazi, abin da ka faɗa shi za ka rubuta, ba kamar Turanci ba. In ya kama baƙaƙe da Hausa, sai a shigo da kalmomin Turancin da rayuwarsa ke buƙata: sunansa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, ranakun mako, kalmomin da ke fitowa a saƙon kuɗi na waya, adadin ƙwayar magani da lokacin sha. Kuma a koya masa da Hausarmu ta nan. Hausar zango tana da kamanninta, ta ari kalmomi daga Twi da Turanci, ba ta damu da bambanta namiji da mace kamar ta Kano ba. In mai koyarwa ya mai da darasi wurin gyara wa uwarsa lafazi, ya rasa ɗaliba.

Maganar kunya kuwa, a nan taken kowa ya koya wa ɗaya ya fi dacewa da mu. Limamin unguwa ko uban gidan 'yan goro ba zai zauna a benci cikin mutum 25 yana haɗa ba da ba ba. Amma zai yarda jikansa ko ɗan amininsa ya zo zaurensa bayan lisha, rabin sa'a, sau uku a mako, ba mai ji ba mai gani. Mace ta koya wa mace a tsakar gida bayan la'asar. Ba a buƙatar gini, ba a buƙatar rajista. Littafin rubutu ne da fensir da haƙuri.

Darasi biyu na baya kada mu manta da su. Na farko, a kula da mai koyarwa. Kada a yi masa alkawarin abin da ba za a cika ba, kuma kada a bar shi shi kaɗai. A ƙayyade masa wa'adi, wata shida ko shekara, in ya cika a kira sunansa a masallaci ko a fadar sarki ranar Salla, a sa masa albarka a gaban iyayensa. A zango wannan ya fi keke daraja. Na biyu, a tanadi abin karantawa tun kafin a fara. Littattafan Hausa suna nan jibge a Kano da Zariya, motoci kuma ba su daina zirga-zirga ba. Sanarwar ɗaurin aure da ta suna da ta rasuwa, lissafin adashin mata da muke kira susu, jadawalin salla, duk ana iya rubuta su da Hausa a liƙa inda ido zai gani. Ɗa da ke Jamus ko Amurka, maimakon saƙon murya kullum, ya riƙa aiko wa mahaifiyarsa layi biyu a rubuce, ta amsa masa da hannunta.

A kowane bes da matasanmu ke zama suna shan shayi a Nima da Mamobi da Asawase akwai waɗanda suka gama sakandare, akwai masu digiri da ke jiran aiki. Kowannensu ya san mutum ɗaya a gidansu da ba ya iya karanta sunansa, sau da yawa ma ita ce ta sayar da koko ko waake ta biya masa kuɗin makaranta. Gemu ba ya hana ilimi, haka magabata suka ce, amma sai an sami mai zama kusa da mai gemun. Wanda ya karanta wannan rubutu har ƙarshe ya riga ya mallaki duk abin da ake buƙata. Ya zaɓi mutum ɗaya, ya nemi izininsa cikin ladabi, su sa rana. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.